Muryar Shunau

Ƙofar Mata, Kano
6 ga Mayu

Muttaka,

"Ki gaya wa wancan mai zanen, ba zan sa muryata a bakin ƙarya ba." Abin da Baba Isyaku ya ce da ni ke nan jiya da hantsi, sannan ya miƙo min wayata da yatsa biyu kamar mai mayar da kifin da ya kwana. To, na gaya maka. Bari in koma baya in yi sallama, kada Gwaggo Lami ta ji labarin na fara wasiƙa babu gaisuwa.

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya Malesiya? Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa. Gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma ɗaurin zanen da take aika wa marina. Baba Isyaku kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma ita ce matsalar, domin mai lafiya shi ke da ƙarfin taurin kai.

Na zaɓi in rubuto ta imel saboda a waya ba ka bari a kai aya. A nan dole ka karanta har ƙarshe.

Ka san inda muke. Shekara biyu ina rubuta labari kana zanawa, mun fitar da kashi goma sha ɗaya na katun ɗinmu, kuma tun kashi na ɗaya yara da iyayensu ke musu a ƙarƙashin bidiyo: wa ya fi ƙarfi, Garwashi jikan maƙeran Dala, ko Shunau mai tsaron rijiyoyin rini? Kashi na goma sha biyu shi ne amsar, shi ne kuma za mu tura wa gasar katun da za ta rufe karɓa ranar talatin ga Yuni. Kada mu ruɗi kanmu, rabin masu kallonmu ba don zanenka suke zuwa ba, balle rubutuna. Don muryar tsohon nan suke zuwa, wadda in ta fito daga bakin Shunau sai ka ji kamar ganuwa ce ta yi gyaran murya.

Na kai masa bidiyon faɗan da ka turo don ya gani kafin mu je ɗaukar murya. Garwashi ya wurga Shunau cikin rijiya, an yi tsit, sai Shunau ya faso ruwa shuɗi yana walƙiya, ya gama da abokin karawarsa da naushi ɗaya. Baba ya kalla sau biyu. Kafin na biyun har da cire tabarau ya goge. Sannan ya faɗi abin da na fara da shi.

Na ce, "Baba, ina ƙaryar take? Ai duk shirin ƙirƙira ne. Mutum yana narkar da ƙarfe da hannu, ba ka ce komai ba."

Ya ce, "Wannan tatsuniya ce, matata. Tatsuniya daban, ƙarya daban. Ke da kika yi jami'a har sau biyu, je ki gano."

Digirin nan biyu na juya su gaba da baya, ba su gano komai ba. Ni jikar wansa ce, kai jikan ƙanwarsa. Wataƙila fahimtarsa ta wajen mata ta bi.

Taubashiyarka,
Luba


Kuala Lumpur
9 ga Mayu

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai ruwan sama kullum da la'asar, da ana aika shi da na aiko muku rabi. A gaida Gwaggo da jiki. Ki ce da Baba abokin takararsa yana gaishe shi, kuma ya daina kiranki matarsa tunda ba ya jin maganarki.

Ai wannan ba ya buƙatar digiri. Mutum ya yi shekara sittin a bakin rijiyar rini, aka nuna masa an ɗauki gwarzonsa an wurga kamar tsumma. Ran kowa zai ɓaci. Girmansa aka taɓa, shi ke nan.

Na sake zama na auna su biyun. Garwashi ya fi ƙarfin damtse, ya fi zafin nama, kuma in ya matsa zugazugin da ke rataye a hammatarsa don ya hura wutarsa, iskar da ke fita tana iya tuge rumfar kasuwa. Lagonsa ɗaya ne: wutarsa tana cin kanta, in faɗa ya yi tsawo sai ta koma toka. Shunau ba shi da sauri, amma duk abin da ya taɓa ya ɗauki launinsa ya zama nasa, kuma rauninsa yana warkewa a cikin rijiya. In maki ake bayarwa, Garwashi tara ne a ko'ina, Shunau bakwai a tudu, goma in ya sha ruwan rini. Don haka dole ya shiga rijiya kafin ya yi nasara. Abin gyara kawai shi ne yadda zai shiga.

Na gyara. Yanzu ba wurga shi aka yi ba, shi ya yi tsalle da kansa yana murmushi. Na ƙara masa shuɗi, na sa tartsatsi a kafaɗunsa, idonsa ma yana haske. Kwana biyu ban leƙa waje ba. Ki nuna masa ki gani, in bai ce a kai shi situdiyon Ɗayyabu mai ɗaukar mana murya a ranar ba, ki canza min suna.

Ƙaninki,
Muttaka


Ƙofar Mata
14 ga Mayu

Muttaka,

Sallama da fatan alheri. Ruwan farko ya sauka ranar Asabar, ya wanke gari ya bar mana kwatoci cike. Kowa lafiya. Ina nan ina tunanin sabon sunan da zan sa maka.

Na nuna masa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Da ƙaryar tsirara take, yanzu an ɗinka mata babbar riga." Sannan ya ce in zo karofi, wato bakin rijiyoyin rinin, da safe, in zo da farin ƙyalle, in bar digirin a gida.

Zan gaya maka wani abu da ban so faɗa ba. Shekarata talatin da ɗaya, tsakanin zaurenmu da rijiyoyin nan bai kai taku ɗari biyu ba, amma ban taɓa tsayawa na ga an rina ƙyalle daga farko zuwa ƙarshe ba. Tun ina yarinya nake taya Gwaggo ɗaure zane da zare don a fitar da ado. Fari yake fita daga gidanmu, shuɗi yake dawowa. Abin da ke faruwa a tsakani aikin maza ne, ban taɓa tambaya ba. Turawan da ke zuwa da kyamara sun fi ni sani.

Ya zauna a bakin rijiyarsa, ya kawar da kumfar da ke sama da bayan hannu, ya tsoma ƙyallen, ya riƙe shi a ciki kamar tsawon karanta Fatiha sau biyu, ya ɗago.

Kore ne, Muttaka. Kore mai ratsin rawaya, mara kyan gani, irin na gansakuka. Na ɗauka rijiyar ce ta lalace, har na fara shirya kalmomin jaje. Shi kuwa ya matse shi, ya ware, ya karkaɗa shi a iska. Ina kallo bakin ƙyallen ya fara sauyawa, shuɗi ya riƙa rarrafowa zuwa tsakiya, har koren ya ɓace. Shuɗin ma mai rauni ne. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, ya sake ba iska. Sai a na bakwai ya ce ya fara zama abin nunawa.

Ya ce, "Rijiya ba ta ba da shuɗi. Iska ce ke ƙarasa rini. Duk wanda ya ce abu ya fito daga ruwan nan a kammale, bai taɓa jiƙa hannu ba. Jikokina suna kallon abin nan naku, 'ya'yan marina suna kallo. Da bakina zan koya musu haka?"

Na ce, "To wurgin da aka yi masa fa?"

Ya ce, "A wurga shi mana. Ni ma wurga zane nake."

Ga abin da na rubuta da na dawo. Garwashi zai wurga shi kamar da. Shunau zai fito kore, jiki a mace, lokacin da ya fi kowane lokaci rauni. Garwashi zai matsa zugazugi don ya hura wutar da zai ƙarasa shi da ita, iskar ta bugi Shunau, ya fara shuɗi. Garwashi ya fusata ya sake wurga shi. Haka har sau bakwai, wutar ɗaya tana raguwa, launin ɗaya yana ƙara duhu. Makinka na tara da goma ba zai yi aiki ba, domin ƙarfin Shunau daga hammatar Garwashi yake fitowa.

Abin da ke hannunmu yanzu yana da kyau ƙwarai, kuma bai san komai game da rini ba. A sake shi.

Luba


Kuala Lumpur
2 ga Yuni

Yaya Luba,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da shiruna, jarrabawa ce, jiya muka gama. Lafiyata lau, sai ciwon wuya na zaman kwamfuta.

Na karanta wasiƙarki, musamman layin ƙarshe. Na gane. Ni ɗan Kaduna ne da ake kawowa Kano hutu, ban san rini ba, ban san karofi ba. Da an gaya min haka shekara biyu da suka wuce da na zana muku abin da na sani.

Yanzu ga gaskiyar aiki. Saura kwana ashirin da takwas. Tsomawa bakwai, kowace da launinta, ga sauyawar launi a jiki yana motsi, kuma kwamfutata tana cin awa shida kafin ta haɗa daƙiƙa goma. Ba zai yiwu ba. Ko da ya yiwu, gwarzo kore yana rawar jiki? Yaran da suka shekara biyu suna jiran ya nuna ƙarfinsa dariya za su yi masa.

Akwai mafita. Akwai manhajar da ake zuba wa muryar mutum ta koya, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Na zuba mata muryar Baba ta kashi goma sha ɗaya, na ba ta rubutunki na farko. Ga shi na haɗo miki, ki saurara. Babu mai ganewa. Mu tura wa gasa haka, bayan nan ni da kaina zan kira shi in ba shi haƙuri.

Muttaka


Ƙofar Mata
3 ga Yuni

Muttaka,

Assalamu alaikum. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya sawwaƙe ciwon wuya. Mu lafiya. Gwaggo ta ce ka riƙa shafa man zafi, ka rage taurin kai, ba ta faɗi wanne ne maganin ba.

Na saurara. Ta yi kama da shi har na gyara mayafina. Ka yi gaskiya, babu mai ganewa. Sai dai ka lura da abin da ka sa ta faɗa: ainihin kalmomin da mai muryar ya ce ba za su fito daga bakinsa ba. Mutum ya ce a'a, ka zagaya ta bayan gida ka ɗauko masa i. Haƙurin da za ka ba shi daga baya, da wace murya zai amsa maka, tasa ko ta kwamfutarka?

Game da layin da ya ɓata maka rai, buɗe rubutuna na farko, shafi na tara, layi na huɗu. "Ya faso ruwa shuɗi yana walƙiya." Ni na rubuta, kai ka zana abin da aka ba ka. Kana da uzurin Kaduna. Ni da warin rijiyoyin nan aka yaye ni, ba ni da uzurin komai. Kwana goma sha tara ka yi kana fushi a kan zagin da na yi wa kaina.

Yanzu aiki. Na cire taron kasuwa gaba ɗaya, ba sai ka zana mutum ɗari suna gudu ba. Na cire jawabin Garwashi a kan Dala, shafi biyu da na fi so a duk abin da na taɓa rubutawa. Na je wajen Baba na yi ciniki.

Na ce, "Baba, in aka tsoma sau uku fa?"

Ya ce, "Uku ba ƙarya ba ce, rowa ce."

"Huɗu?"

"Ke wa zai aure ki da wannan maƙon naki? Biyar, kuma a ga yana shan iska tsakani."

Biyar ke nan. Zancen yara za su yi dariya, su yi. Dariyar za ta tsaya a tsomawa ta biyu, lokacin da suka gane abin da Garwashi bai gane ba.

Na so in aiko maka da ƙyallen ka ga koren da idonka, amma kafin in kai bakin titi ya zama shuɗi. Abu ne da ba ya aikuwa. Don haka na yi safiya guda a tsugune a karofi ina ɗaukar bidiyo, marina suna tambayar Baba ko matar tasa ta zama baturiya. Guda goma sha biyu ne, ga su nan.

Magana ta ƙarshe. Ko dai muryarsa da yardarsa, ko kuma gasar ta wuce ba mu. In muryar manhajar nan ta shiga shirin, ka cire sunana, kuma ni zan kunna wa Baba ita a gaban Gwaggo. Ba barazana nake maka ba, tsarin aiki nake gaya maka.

Luba


Kuala Lumpur
18 ga Yuni

Yaya Luba,

Salamu alaikum. Ina lafiya, wuya ya ƙi, amma ya koyi haƙuri.

Na goge muryar tun ranar da wasiƙarki ta zo. Ban amsa ba ne don na fi son in amsa da aiki. Na buɗe shafi na tara, na gani, na ji kunya. Bidiyonki na bakwai, inda shuɗin ke bin zare-zare kafin ya cika ƙyallen, na kalle shi ya fi sau hamsin. Wani abokin karatuna ya ara min kwamfutarsa, biyu nake haɗawa da su yanzu.

Ga faɗan, tsomawa biyar. Ban taɓa zana abin da ya kai shi wuya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa zana abin da ya kai shi kyau ba. Bakin Shunau kawai na bari, sai murya ta zo.

Ki tambayar min Baba abu ɗaya. In aka raba su da rijiya, aka kai su fili, wa ya fi ƙarfi? Har yanzu ina ganin Garwashi ne.

Ƙaninki,
Muttaka


Gwammaja
24 ga Yuni

Muttaka,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ruwa yana sauka yadda ake so. Daga shagon ƙawata nake rubuto maka, a ƙasan benen da situdiyon Ɗayyabu yake, za ka ji dalili.

Kwana biyar Baba ya ja ni kafin ya kalla. Ya ce yana da rijiyar da ta tashi, rininta ya nuna, kuma rijiya ba ta jiran katun. Jiya ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya karɓi wayar, da hannu biyu wannan karon. Wasu marina uku suka tsaya a kansa. Da Shunau ya fito kore yana tangaɗi, ɗaya daga cikinsu ya yi dariya, kamar yadda ka ce. Da Garwashi ya matsa zugazugi, shuɗi ya fara bin kafaɗar Shunau, mai dariyar ya ce, "Kai, wawa, ai taimakonsa kake!" Da Garwashi yake, yana nuna wayata da yatsa.

Baba kuwa yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga. Da ya kai biyar ya miƙo min wayar.

Ya ce, "Koren na uku ya cika tsabta. Amma yaron ya jiƙa hannu." Ya tashi ya kakkaɓe riga. "Gobe da hantsi. Ki gaya wa Ɗayyabun ya kashe fankar nan tasa mai kukan jaki."

A cikin adaidaita yau na yi masa tambayarka. Ya kalle ni kamar na tambaye shi ko hannun dama ya fi na hagu.

Ya ce, "Me nake zubawa a rijiya kafin ta tashi?"

Na ce, "Ganyen rini, da kanwa, da toka." Na yi karatuna a wannan karon.

Ya ce, "To tokar daga ina? In wuta ba ta ci ba, rijiyata ruwa ce kawai. Ki ce masa Garwashi ya fi ƙarfi a fili, na ba shi. Amma ya tambayi kansa wa ke kwashe tokar bayan an gama."

Da muka hau sama, Ɗayyabu ya zaunar da shi gaban makirfo, na miƙa masa takarda. Ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya tsaya a layin ƙarshe, inda na sa Shunau ya tsaya a kan Garwashi ya ce, "Yau an san wanda ya fi." Ya karɓi birona ya ja layi a kai.

Na ce, "Baba, wannan shi ne amsar da aka shekara biyu ana jira."

Ya ce, "Marini ba ya yi wa toka gori. Ina da tawa maganar."

"Mece ce?"

"Za ki ji tare da kowa. Fita, matata, ba na iya aiki kina tsaye a kaina da fuskar malaman jami'a."

Don haka ban san abin da Shunau zai faɗa a ƙarshen labarin da na rubuta ba. Ɗayyabu zai turo maka kai tsaye da zarar sun gama. Ko mene ne, ka daidaita bakin Shunau da shi, kada ka rage ko harafi. Kwana shida gare ka.

Na ɗauki jakata. Ƙofar situdiyon mai nauyi ce, an lulluɓe ta da soso don kada ƙara ta shiga, sai an ja ta da hannu biyu. Kafin ta kama na ji ya yi gyaran muryar nan tasa. Na ja ta har ta rufe, na sauko.

Luba